Layi Biyu a Bayan Kwali

Asabar, 1 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Sun tafi. Kenken da matata Adukwei ta ɗumama, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ba wanda ya taɓa, ga soyayyen kifi nan yana bushewa a faranti.

Shekara shida muna zama a teburin nan na baranda duk Asabar, daga ƙarfe biyu zuwa shida, ba a taɓa tashi kafin lokaci ba sai yau. Ni ne mai jan labari. Ni nake ƙirƙiro garuruwa da dodanni, su ukun, Fiifi da Dzifa da Kotei, kowa da gwarzonsa rubuce a takarda, mutum ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya yanke hukunci. Nawa ɗan lidon da littafina suna zama a bayan wani kwalin firij da na yanka na kafa a gabana, don kada su ga sirrin labari. Haka masu jan labari suke yi ko'ina, ba a kaina aka fara ba.

Fiifi ne ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa, gwiwar hannunsa ta ture kwalin. Littafin a buɗe yake, ƙanena Kotei kuma yana zaune dab da ni ta hagu.

Ban yi laifi ba. Ina so in rubuta wannan tun yanzu.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan an taso daga coci

Dzifa ce ta jawo rigimar. Malamar lissafi ce, kuma ko a teburin wasa ba ta ajiye allinta. Gwarzonta mai takobi ne, na Fiifi boka, na Kotei kuwa Oblitey, ɗan dambe da ya yi rantsuwa a gaban malaminsa ba zai taɓa riƙe makami ba har ya mutu. Tun farko Dzifa ta raɗa masa Hannu Rabbana. Duk mako sai sun yi wannan musun.

"Kai Hannu Rabbana, ɗauki sanda mana! Dokar wasa ta yarda ɗan dambe ya riƙe sanda. Naushinka ɗan lido mai fuska shida kake jefa masa, sanda mai fuska goma. Ga ta da tsawo, ka maki abu tun bai iso ka ba. Wannan ai ko ɗan aji ɗaya ya sani."

Shi kuma ya washe baki ya ce, "Sista Dzifa, takobi ana ƙwace shi, sanda tana karyewa. Wa ya taɓa ƙwace wa mutum hannu? A ƙofar wane sarki aka taɓa cewa in ajiye shi a waje?"

Da can dariya muke yi. Jiya sai ta zo da 'yar takarda. Wai wata huɗu tana rubuta duk lambar da aka jefa a teburin. Wai ita da goma sha huɗu takobinta ya zame a jikin dodon dutse, shi kuwa da goma sha ɗaya naushinsa ya shiga, dodo ɗaya, rana ɗaya. Ta ce, "Bra Nikoi, ko dai dodanninka suna jin tsoron ƙanenka, ko kuma akwai abin da ban gane ba." Ina cikin yi mata bayanin cewa dodo yakan gaji, kwalin ya faɗi.

Abin da ke shafin ba wani abu ba ne. Layi biyu ne a ƙarƙashin sunan kowane dodo. Na farko taurinsa da ƙarfin saransa, na kowa da kowa. Na biyu lambobin sun ɗan sauko, a samansa kuma na rubuta harafin K.

Kotei ya daɗe yana kallo. Ya juya shafi da hannun hagu, ya sake juyawa, ya yi ta komawa baya har ya kai inda layin biyu ya fara. Akwai kwanan wata a wurin. Ya rufe littafin a hankali, ya kwashe 'ya'yan lidonsa ya zuba a aljihu.

"Shekara uku," ya ce. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Talata, 4 ga Yuni, tsakar rana

Na kira Kotei sau biyu. Tana shiga, ba a ɗauka.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Adukwei ta ga ban ci komai ba, ta tsaya a kaina da ludayi.

"Wai ku ƙarti da gemu, a kan lido za ku raba zumunci? Me ka yi masa?"

Na ce na sassauta masa ne kawai.

"Ya roƙe ka?"

Na ce ba ta gane wasan ba. Ta ce ita dai ta gane cewa ranar da ta tausaya masa saboda hannunsa ta ɓare masa lemo, bai sake cin komai a gidan nan ba sai da aka yi wata. "Ka san halinsa sarai, Nikoi. Kai ma ka san dalilin da ya sa ka yi, kuma ba shi ne dalilin ba."

Na ɗauki jakar aiki na fita. Mace in ta samu gaskiya ɗaya, sai ta yi ta wanke ta tana shanyawa.

Ba zan rubuta maganar Kaneshie a littafin nan ba.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe uku na yamma

Fiifi kaɗai ya zo. Muka zauna muna kallon ruwan sama yana cika kwata. Ya ce shi wallahi bai ture kwalin da gangan ba. Na ce na sani. Ya ce shi a ganinsa kowane mai jan labari yakan ɗan taɓa lamba wani lokaci. Na ce yawwa, faɗa musu. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Amma dai wani lokaci, Bra Nikoi. Ba layi guda da sunan mutum ba."

Ya cinye kelewelen da Adukwei ta kawo, soyayyar ayaba mai yaji, duka kafin ya tafi. Mai ture kwali, mai cinye ayaba.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Aiki ya kai ni gidan ƙanƙarar kifi a Jamestown inda Kotei yake aikin awo. Injin firiza ɗaya ya tsaya. Da ma ni nake gyara musu, ba wai na je don shi ba.

Yana tsaye a bakin sikeli, hannun daman a aljihu kamar kullum. Yatsu uku ba sa naɗewa, ga tabon daga tsakiyar tafi har wuyan hannu. Wannan hannun ne da can mutanen unguwar Bukom suke hawa rufin kwano don su ga ya kai naushi a filin dambe. An fara maganar kai shi waje ma, har an ɗauki hotonsa na fasfo.

Na gama aiki na je na ce, "Kotei."

"Bra Nikoi, sannu da aiki. Firizar ta tashi?"

"Ta tashi."

"To madalla."

Ya juya ya ci gaba da awon kifi. Gara ya zage ni. Gaisuwar da ya yi min irin wadda ake yi wa mai karanta mitar wuta ce.

A tirotiro, motar haya, ina dawowa na yi ta shirya abin da ya kamata in faɗa. Bayan abin nan ya faru wata biyar bai fita daga ɗaki ba. Ba coci, ba bakin teku, ko rediyo ba ya kunnawa in ana dambe. Asabar ɗin farko da ya dawo teburin, ya jefa da hagu, ɗan lidon ya gangara ƙasa, kowa ya yi kamar bai gani ba. Lambar da ta fito tara ce, dodon kuma goma sha biyar yake bukata. Na dubi fuskarsa, na ce, "Ya shiga." Ya daki tebur ya yi ihu irin na da. Duk wanda yake wurin ya ce min shi ba zai faɗi haka ba, ƙarya yake.

Ranar ce kawai na yi niyya. Sauran Asabar ɗin su suka biyo da kansu.

Alhamis, 13 ga Yuni, da safe

Ban yi laifi ba.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Dzifa ta zo ita kaɗai, ko zama ba ta yi ba. Na ɗauka haƙuri ta zo bayarwa. Ina!

"Saƙo na kawo. Kotei ya ce zai zo Asabar mai zuwa. Sharaɗi ɗaya, ba kwali. Komai a fili za ka jefa, littafi a tsakiyar tebur, layi ɗaya."

Na ce, "Kin san inda labarin ya tsaya? Suna bakin gadar Mai Sulken Tagulla. Taurinsa goma sha takwas, ga adda mai tsawon mutum. Da lambobin gaskiya Oblitey ba zai wuce zagaye huɗu ba. Ke da kike son lissafi, lissafa."

"Na lissafa. Uku."

"To kin ji daɗi? Kin ci musu. Sanda ta fi hannu, a buga a jarida."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Ni da shi musu muke yi, Bra Nikoi, irin na mutum da mutum. Shekara uku ina faɗa masa gaskiya yana min dariya, ashe kai kana bayan kwali kana mai da mu yara mu duka biyu. Har ni ka sa nake zargin kaina ko na manta lissafi."

Na ce ita ba ta san abin da ya shiga ba.

"Na je asibiti duba shi, ai. Kai ne ban gani ba a kwana ukun farko."

Na ce ta fita min daga gida. Ta fita. Adukwei tana kicin, na ji ta daina daka, ba ta kuma leƙo ba.

Litinin, 17 ga Yuni, lokacin cin abincin rana

Na samo dabara. Zan ajiye sanda a bakin gadar, ta baƙin ƙarfe, a jingine da gunki, wai ta malamin Oblitey ce da ya rasu. Ba maguɗi a ciki, doka ta yarda, a fili zan faɗa. In ya ɗauka za a ƙara masa uku a kowace jifa, ya kuma tsaya nesa da addar. Na gwada faɗan ni kaɗai sau goma a kan teburin shagona na gyaran firij. Da sanda ya rayu sau bakwai. Da hannu sau ɗaya.

Ni na san abin da ƙarfe yake yi wa hannu. Ba a littafi na karanta ba.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Na bi ta Kaneshie yau saboda cunkoso, ban so ba. Kiyos ɗin mai sayar da katin waya yana nan, an yi masa sabon fenti. Bayansa ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Ban san yadda aka yi mutum mai jiki irin nawa ya shige wurin ba.

Wayata ce ma ɓarawon ya nema, ba ta Kotei ba.

Na ce ba zan rubuta ba.

Asabar, 22 ga Yuni, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki, don kada gobe wani ya ce na taɓa wani abu.

Sun zo tare su uku. Kwalin na jingine shi a bango. Na ji kamar na fito tsakar gida ba riga. Na karanta musu lambobin Mai Sulken Tagulla da ƙarfi, Dzifa ta leƙa ta gyaɗa kai. Na kwatanta gadar, da kogin da ke ƙasa, da gunkin, da sandar.

Kotei ya yi murmushi, karo na farko cikin mako uku, amma ba irin wanda nake so ba.

"Sandar malamina, ko? Ina take duk shekarun nan?"

"Tana nan. Ba ku taɓa zuwa gadar ba ne."

"Bra Nikoi ke nan. An rufe ƙofa ya biyo ta taga." Ya juya wajen Dzifa. "Sista, me lissafi ya ce?"

"Ya ce ka ɗauka."

"Ke fa?"

Ta gyara tabarau. Sannan ta ce, "Ni na ce gwarzonka ne."

Ya ce Oblitey ya durƙusa ya gai da sandar, ya bar ta inda take, ya hau gadar. Ya kuma roƙi sauran su tsaya a baya. Fiifi ya ce bokansa zai iya jefa masa kariya daga nesa. Kotei ya ce in ya yi, ba shi ba shi.

Jifar farko goma sha biyu, naushi ya zame. Ni na jefa wa dodon a tsakiyar tebur, kowa yana gani, goma sha bakwai. Addar ta ɗebe kusan rabin ran Oblitey. Zagaye na biyu ya samu shida, ni goma sha biyar. Ɗan lidon ya gangara har ya buge kofin Fiifi. Na ce sandar fa tana nan a bayansa, taku biyu ne. Ko kallona bai yi ba.

A na uku ya hura wa ɗan lidon iska, ya jefa da hagun nan tasa. Goma sha tara.

Ya miƙe tsaye. "Ya shiga?" Ba ni ya tambaya ba, Dzifa ya tambaya. Ta duba littafin ta ce, "Ya shiga, Hannu Rabbana. Da gaske ya shiga." Ya daki tebur, ya yi ihun da har maƙwabta suka leƙo. Ya jefa mai fuska shida ya samu biyar. Biyar kacal, daga cikin tamanin ɗin dodon. Ya yi ta dariya har da hawaye, kai ka ce kambun duniya aka ɗaura masa.

Sai nawa jifan. Goma sha shida. Na daɗe ina kallon lambar. Ba kwali, ba inda zan kai ta. Na ce Oblitey ya faɗi a kan gadar, bai kuma tashi ba.

Al'adar teburinmu ce, ni ma na kafa ta tun shekarar farko: wanda gwarzonsa ya mutu shi zai yaga takardarsa gida biyu da hannunsa, ya saka a gwangwanin madarar da muke kira maƙabarta. Ba a taya mutum. Dzifa ta yaga uku a shekarun nan, Fiifi biyar. Kotei bai taɓa ba, kuma sai a lokacin na tuna cewa yaga takarda hannu biyu yake so.

Ya fito da na daman daga aljihu. Ya kama gefen takardar da babban yatsa da manuni, ya ja da hagu, ta suɓuce. Takardar ta yi kauri, shekara shida ana manna mata salatif. Ya sake, ta sake suɓucewa. Ban san lokacin da hannuna ya miƙa ba.

"Kar ka taɓa."

A hankali ya faɗa. Ya danne takardar a tebur da wuyan hannun, daidai kan tabon, ya ja da hagu. Ta yage a karkace. Ya ninke, ya saka a gwangwani, ya rufe murfin da kansa. Ya gode wa Dzifa. Ya gode wa Fiifi. Ya leƙa kicin ya ce wa Adukwei a sa masa kenke biyu a leda, yunwa yake ji.

Lahadi, 23 ga Yuni, da rana

Ban je coci ba. Na buɗe gwangwanin na duba, na mayar.

Alhamis, 27 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Fiifi ya biyo ta shago da wata tsohuwar fanka wai a duba masa. Fankar lafiyarta ƙalau. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Dzifa za ta fara jan labari a gidanta a Dansoman, ranar Asabar, ƙarfe biyu. Ba ta amfani da kwali. Kotei har ya rubuta sabon gwarzo.

Na ce wani ɗan damben ne?

"A'a. Mai mashi ne. Har da garkuwa."

Na ajiye sukundireba. Shekara shida yana cika mana kunne da hannu, hannu, hannu. Ko mako bai cika da barin teburina ba, ya ɗauki mashi.

Fiifi ya ce shi fa zai riƙa zuwa duka biyu in an canja rana. Na ce ya ɗauki fankarsa.

Talata, 2 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Kotei ya zo karɓar jakar 'ya'yan lidonsa da ya manta a kan taga. Ina baranda. Na ce ya zauna, ya ce tirotiro zai yi wuya in ya daɗe.

Na ce, "Na ji ka ɗauki mashi."

"Na ɗauka. Da daɗi ma. Sista Dzifa ta yi gaskiya, tsawo yana da rana."

"To me ya hana ka ɗaukar sandar?"

"Taka ce."

Na ce don shi na yi duk abin da na yi. Na ce in da ya ga kansa a watannin nan biyar, da bai tsaya yana min wannan kallon ba. Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ma ban shirya su ba. Ya bar ni har na gama.

Ya ce, "Bra Nikoi, ranar Kaneshie ban taɓa riƙe ka a zuciya ba. Ko sau ɗaya. Mutum da adda, gudu shi ne hankali, ni ne wawan da ya tsaya. Da ka zo ka ce min ka ji tsoro, da mun yi dariya an wuce wurin. Amma ka bar ni shekara uku ina komawa gida duk Asabar ina ce wa kaina, to, ko a takarda dai har yanzu ina iyawa." Ya saka jakar a aljihu. "Biyar ɗin nan da na samu a kan gada, ita kaɗai ce tawa. Sauran ka riƙe, kai ka biya kanka da su."

Ya gai da Adukwei ya tafi. Ban raka shi bakin titi ba.

Laraba, 3 ga Yuli, da safe

Na duba abin da na rubuta ranar 1 ga Yuni, da na ranar 13. Ban goge ba. Ban kuma iya sake rubuta shi ba.

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe uku da kwata na yamma

Na shimfiɗa taswirar wasan tun ƙarfe ɗaya da rabi. Na jera kujeru huɗu. Kwalin ban kafa shi ba, ruwa ma ya jiƙa shi a jikin bango, ya lanƙwashe.

Ɗazu Adukwei ta fito da roba cike da kifi, ta tsaya tana kallona, ta kalli ƙofa. Ta ce in ba na amfani da teburin tana so, na kicin ya yi mata kaɗan.

Na naɗe taswirar na ba ta wuri.